Tazarar amincewa da gwajin hasashe: abu ɗaya ne ko biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A binciken kammala digirina na gwada hasashe, na fitar da darajar p, sai mai duba aikina ya ce in ƙara da tazarar amincewa ta kashi 95. Wannan ba maimaici ba ne? Daga wata ɗaliba, Ƙofar Kaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ta fuskar lissafi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, amma mai duba aikinki yana da gaskiya.

A ce wani dillali a Babbar Kasuwar Katsina ya dage cewa buhunan shinkafarsa kilo 50 ne cif. Kika tsamo buhu 36 ba tare da zaɓe ba, kika ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Matsakaicin nauyi ya fito 48.5, ma'aunin warwatsuwa (yadda nauyin buhunan yake nisanta da matsakaicin) kuma 3. Raba 3 da 6 (tushen murabba'in 36), kin sami 0.5, wato kuskuren matsakaici. Ninka shi da 1.96 (lambar da ke tafiya da kashi 95), kusan kilo 1 ke nan. Ki rage shi daga 48.5, ki kuma ƙara shi a kai: tazararki ta tashi daga 47.5 zuwa 49.5.

To, ina 50? Tana waje. Shi ke nan kin gama gwajin, kin yi watsi da maganar dillali a matakin 0.05, wato darajar p (yiwuwar samun giɓi irin wannan ko fiye, da maganarsa gaskiya ce) ba ta kai 0.05 ba. Da 49 ya ce, ba ki da hujjar ƙaryata shi. Tazarar kashi 95 ba komai ba ce illa tarin dukkan lambobin da gwajin 0.05 mai gefe biyu (mai duba ƙari da ragi duka) ba zai kore ba. Haka ta kashi 99 take tafiya da 0.01. Masanin ƙididdiga Fisher ne ya yayata matakin 0.05 tun 1925, takwaransa Neyman kuma ya shimfiɗa ƙa'idar tazarar a 1937.

Inda suka rabu shi ne abin da kowane yake faɗa miki. Darajar p ta ce akwai giɓi, ta yi shiru. Tazara kuwa ta ce giɓin yana tsakanin rabin kilo da kilo biyu da rabi a kowane buhu, kuma wannan ne abin da mai sari yake son ji. Da dubban buhuna kika auna, tazarar ta fito 49.8 zuwa 49.9, p za ta yi ƙanƙanta ƙwarai, alhali abin da ya ɓace bai fi cikin gwangwani ba. Yana damuna in ga ɗalibi ya rubuta "akwai bambanci mai muhimmanci" a kan irin wannan, bai ko faɗi girmansa ba.

Ki kiyaye abu guda. Idan 50 ta faɗa cikin tazara, ba ki tabbatar da gaskiyar dillali ba. Wataƙila buhu biyar kawai kika auna, tazarar ta buɗe daga 44 har 53, ta haɗiye mai gaskiya da mai tauye mudu. Kashi 95 ɗin ma yabon hanyar ne: da za a yi ta maimaita awon da sababbin buhuna, kusan 95 cikin kowace tazara 100 za su kama ainihin matsakaicin nauyin.

Idan kuma rukuni biyu kike kwatantawa, ki fitar da tazarar bambancinsu, ki duba ko sifili yana ciki. Tazarorinsu biyu suna iya ɗan shiga juna, bambancin kuma ya tabbata.