Albam ɗin hannu a Samaru: tukuna dai da sayen firinta

Wata 'yar uwa mai ɗan shagon kayan rubutu a Samarun Zariya ta turo min saƙo tun satin da ya wuce, sai yau Allah ya nufa na zauna. A taƙaice tace tana saida littafin rubutu, biro, kwali da takardar naɗe kyauta, ta kwashi adashi naira 150,000, kuma ta daɗe tana kallon bidiyon matan Turawa a TikTok da Pinterest suna haɗa albam da hannu, su liƙa hoto su yanka takarda mai kala su yi mata fulawa su rubuta 'yan kalmomi a gefe, abin nan da suke ce ma sikirafbuk. Tana so ta fara yi wa amare da masu jego da ɗaliban da suka gama karatu. Tambayarta ita ce, ta zuba kuɗin duka ta sayi firinta mai kala da ɗan injin yanka takarda ne, ko ta yi odar kayan ado daga Chana, sannan nawa zata dinga saidawa, don wata ƙawarta tace mata ba mai biyan kuɗi akan takarda alhali hotuna na cike a waya.

To Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa wa nema albarka. Bari in fara da maganar ƙawar taki don ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba. In hoto kawai zaki buga ki liƙa a kwali, wallahi ta fi ki gaskiya, kowa na da hoto ɗari biyar a waya kuma masu ɗaukar hoton biki suna haɗa nasu albam ɗin na inji mai ƙyalli wanda bazaki iya gasa da su ba. Amma akwai abin da waya bata riƙewa. A gidanmu akwai wani tsohon hoton mahaifinmu da aka ɗauka a situdiyo a Sabon Gari, yana tsaye da wani mutum sun dafa kafaɗar juna, da gani kin san amini ne na ƙut da ƙut, yau duk zuri'armu ba wanda ya san waye mutumin nan, waɗanda suka sani duk sun riga mu gidan gaskiya. Da wani ya rubuta layi ɗaya a ƙasan hoton, wane ne da wane, shekara kaza, ranar kaza, da shikenan. Wannan layin shi zaki saida. Ki zauna da uwar amarya ki tambaye ta wacece wannan tsohuwar da ke riƙe da amarya ranar kamu, tace miki ai gwaggon baban amarya ce daga Soba, ita ta yi min wankan jego, ki rubuta. Ki karɓi katin gayyata, ki karɓi ɗan ƙyallen atamfar ankon, ki liƙa su kusa da hoton. Bayan shekara 20 wayar ta mutu ko an sace ta a tashar Kwangila, albam na nan cikin akwati.

Shi yasa nake ce miki tukuna da firinta. Firinta bata kawo kwastoma, kuma irin wadda kuɗinki zai saya mai tawadar ruwa ce, mafi yawan irinta hotonsu na koɗewa in ya sha haske, ɗigon ruwa ɗaya kuma ya ɓata fuskar amarya. Ga shi in ta yi sati biyu ba'a yi aiki da ita ba bakin tawadar ya toshe, ƙurar hunturun Zariya ma kaɗai ta ishe ta, ga maganar wuta da kin fi ni sani. Ki kai hotunanki wajen masu wankin hoto, su ne da inji da janareta da asarar in ya lalace, ke ki biya na guda 40 ɗin da kike buƙata ki wuce. Injin yanka kuwa almakashi mai kyau, wuƙar yankan kwali da rula ta ƙarfe sun ishe ki albam goma na farko.

Odar Chana ma haka. Takarda a ƙasar nan bin dala take, don manyan masana'antun takardarmu uku, na Jebba da Iwopin da Oku Iboku, sun daɗe basa wadatar da ƙasa, yawanci shigowa da ita ake, ke da kanki kin ga yadda rim ɗin A4 ya tashi tun da aka saki naira a 2023. In kika ɗaure jarinki a sitika da ribon masu rubutun Turanci da hoton dusar ƙanƙara, kina zaune dasu, ba mai so. Abin adon da zai sa aikinki ya fita daban yana nan kusa: ragowar yadi wajen teloli, shadda da leshi da atamfa waɗanda sharewa ake a zubar, zaren ɗinkin hula, fatar da dukawa ke aiki da ita cikin birni. Marfin fata irin na gafaka, an buga sunan ango da amarya a kai, wannan kaɗai zai iya ninka kuɗin albam. Masu zayyanar allo na saukar Alƙur'ani su ma ki neme su su zana miki shafin farko, hannunsu ya fi duk wata sitika. Sai dai ki kiyaye, kar a rubuta aya a ciki, albam abu ne da yara ke ja, ana ajiye shi a ƙasa, kowa na taɓawa da alwala ko babu. Suna da kwanan wata da addu'ar Allah ya ba da zaman lafiya sun wadatar.

Yanzu ga inda masu wannan sana'a ke jin kunya, kuma anan nake so ki daɗe. Kina saida abu ne da sunan zai daɗe, in ya lalace cikin shekara biyu sunanki ne ya lalace. Salatif kar ki kusance shi, yana tsufa ya bar jan tabo ya saki. Gam ɗin masu gyaran takalmi ma haka. Kokon rogo ko fulawa da muke liƙa takarda dashi muna yara, wannan abincin kyankyaso ne da gara. Farin gam irin Top Bond ya yi wa kwali da ƙyalle in an shafa kaɗan, amma hoto kansa gara ki yanka 'yan kusurwoyi huɗu na takarda ki liƙa su a shafin ki soka hoton a ciki, ko an so cire shi wata rana a sake wankewa zai fita lafiya. Shafukan ciki kar ki yi da takardar rim mai giram 80, bata ɗaukar nauyi, ki nemi kwali mai giram 200 zuwa 300. In zaki sa yankin jarida, misali sanarwar ɗaurin aure ko ta sarauta, ki yi hotokwafinta ki sa kwafin, takardar jarida tana ja da kanta kuma ta shafa wa abin da ke kusa da ita.

Sai laminatin, da mutanenmu suka ɗauka shine ƙarshen adana abu. Abin da aka yi wa laminatin baya komawa yadda yake. Wanda ya fi ban tausayi shine hoton sikanin na ciki da masu jego ke son sawa a shafin farko, irin takardar nan ce mai aiki da zafi, dangin rasit ɗin POS, kina saka ta a injin laminatin zata fito baƙa ƙirin, kuma ba wani kwafi. Ko ba'a taɓa ta ba ma dusashewa take a hankali, don haka ki ɗauke ta a hoto a wanke miki, asalin kuma ki sa a ɗan ambulan cikin albam ɗin. Rasitai da 'yan takardun da alhazai ke dawowa dasu da yawansu irinta ne. Damina kuma, musamman daga Yuli zuwa Satumba, danshi kan sa hoto ya manne da leda ko da ɗan uwansa, ki dinga sa siririyar farar takarda tsakanin shafi da shafi, ki kuma gaya wa kwastoma kar ta jingina shi da bango ko ta ajiye a ƙasan gado kan siminti.

Wani ƙaramin abu: ki ce su turo miki hoto ta WhatsApp a matsayin dokumen, in aka turo haka kawai matse shi yake ya rage masa kyau. Hoto mai inci 4 da 6 yana son kusan ɗigon hoto, wato fiksel, 1200 da 1800 kafin ya fita tas, wanda ya yi yawo a guruf uku kafin ya iso ki fuskar mutane zata fito kamar an shafa mata kunu, kuma ke za'a zaga ba wayar ba.

Maganar farashi, mu yi lissafi da misali, ke sai ki sa kuɗin da kika tarar a kasuwa ranar. A ce wankin hoto 40 ya ci 6,000, kwali da gam da zare 4,000, marfi 3,000, kuɗin keke napep zuwa PZ ko Sabon Gari da dawowa sau biyu da data 2,000. Kin kashe 15,000. Mafi yawan mata anan sai su ce to bari in sa 20,000 na ci ribar 5,000. Ba riba kika ci ba Malama. In aikin ya ɗauke ki awa 12, da zaman da kika yi da uwar amarya da yanka da rubutu, kenan kin yi wa mutane aiki akan naira 400 da 'yan kai duk awa, kuma lokacin shagonki na hannun yarinya. Ki yanka wa kanki ladan aiki tukuna kamar yadda tela ke yi, tela baya cewa kuɗin zare kawai zaki bani, sannan ki ɗora riba akai. In lissafi ya kai 30,000 ko 35,000 ki faɗa ba tare da kin sunkuyar da kai ba. Wadda tace yayi tsada ki nuna mata ƙarami mai shafi 10 da marfin kwali, kar ki rage kuɗin babban. Kuma kafin alƙalami dole, aƙalla abin da zai biya kayan aiki gaba ɗaya, don albam mai hoton amaryar wani gida in aka fasa karɓa ba wanda zaki saida wa, ba kamar atamfa bane. 'Yan uwa da ƙawaye su ne zasu fara cewa yi min in an kwana biyu zan baki, ki yi dariya ki ce kayan aikin ma da kuɗi a hannu ake baki. Amma fa in kin karɓa ki cika alƙawari ranar da kika ce, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Su wa zasu saya? Kina Samaru, ABU na gabanki tun 1962, ga reshenta na Kongo, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Nuhu Bamalli, ga masu karatun lafiya a Shika. 'Yan ajin ƙarshe ranar gama jarabawa farar riga suke sawa abokai su rubuce ta da maka, rigar nan wata nawa take? Ki yi musu ɗan littafin sa hannu, shafi 20, hoton aji guda ɗaya a gaba, sauran fili kowa ya rubuta wa abokinsa abin da zai rubuta. Baya cin lokaci, kuma ta hannun wakilin aji zaki samu oda 30 ko 50 a lokaci ɗaya, wannan ne zai dinga juya miki kuɗi, na amare kuma ya zo jefi-jefi da riba mai kauri. Sai dai kar ki jingina da ɗalibai kaɗai, kina nan a 2022 da ASUU ta yi wata 8 tana yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, kin ga yadda Samaru ta koma. Islamiyyu masu walimar sauka, makarantun kuɗi na firamare masu bikin yaye yara, ma'aikacin da zai yi ritaya abokan ofis na neman kyautar da zasu ba shi wadda ba agogon bango ba, iyalan da ke zuwa yaye kuratan soja a Defot, gidajen sarauta masu tarin hotunan Hawan Daushe a leda ba mai tsara musu. Ni a ganina ma tsofaffin hotunan gida sun fi na biki kasuwa nan gaba, don 'ya'yan da ke Abuja da Legas da waje suna da kuɗin, basu da lokacin zama da tsohuwa su tambaye ta wane ne wane.

Abu ɗaya da zai iya rufe miki sana'a rana ɗaya shine amana. Hotunan matan aure ne zasu shigo wayarki, wasu ba mayafi, na cikin ɗaki ranar lalle. Kar ki kuskura ki ɗora albam ɗin wata a sitatus don talla sai da izininta, wani wajen ma sai da na maigidan, kuma in kin gama aiki ki goge su a gabanta, ki gaya wa mai wankin hoton shima ya goge. Talla ki yi da marfi da shafin zayyana da hotunan gidanku.

Kuɗin kuwa ga yadda nake gani. Ki cire kamar 40,000 ki sayi kayan aiki ki haɗa samfuri uku, na biki, na suna, da littafin sa hannu, ki ajiye su kan kanta inda mai sayen biro zai ɗaga ya duba. Na bikin ki yi da hotunan aurenki ko na ƙanwarki. Sauran 110,000 ki bar su cikin sarin shagon da kin riga kin san yana tafiya. Ki samu littafi daban ki dinga rubuta duk albam, abin da ya ci, awa nawa, nawa aka biya. In kin kai albam 15 da aka biya kuɗinsu cas, ki turo min hoton shafin littafin nan, lokacin sai mu duba ko kuɗin da kike kai wa masu wankin hoto ya kai a fara maganar firinta.