Tambaya da Amsa: Wace kwamfutar hannu ce ta dace da yaranmu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce a unguwar Aboabo cikin Kumasi, kuma ina sayar da atamfa a kasuwar Kejetia. Babbar 'yata shekararta 11, tana aji shida na firamare, mai bi mata kuma shekararsa 7. Bara na saya musu wata kwamfutar hannu mai shuɗiyar rigar roba a kan sidi 500, amma ba ta cika wata huɗu ba ta daina ɗaukar caji, da na kai wa masu gyara suka ce babu kayanta a kasuwa. Yanzu na kusa ɗaukar adashi, yaran kuma sun hana wayata sakat. Shin in saya wa kowa tasa mai araha, ko in haɗa kuɗin in sayi guda ɗaya? Kuma wace iri ce ta fi dacewa da yara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya zuri'a, ya sanya albarka a kasuwa. Shawarata ita ce ki haɗa kuɗin ki sayi guda ɗaya mai nagarta, ta kamfanin da masu gyara a garin nan suka saba da shi, sannan ki riƙe ta a matsayin kayanki, yaran su san cewa aro kike ba su.

Abin da ya same ki ya sami iyaye da dama a zangonninmu. Waɗannan na'urori masu ƙyalƙyali da ake cewa an yi su don yara, yawancinsu ana haɗa su ne da kayan da suka fi kowanne arha, a lulluɓe su da roba mai launi, a buga musu sunan da ba a san mai shi ba, kuma kafin shekara ta zagayo sunan ya ɓace wani ya maye gurbinsa. Mai gyara ba ya ƙera gilashi ko batir da hannunsa, sayowa yake yi, kuma ɗan kasuwa ba zai yi odar kayan na'urar da mutum goma ne kawai suke da ita a duk faɗin Kumasi ba. Wannan ne ya sa aka ce miki babu kayanta. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma a wannan fanni ba ta yin ƙarko ma.

Saboda haka, kafin ki je wurin mai sayarwa, ki fara zuwa wurin mai gyara. Ki shiga Adum, wajen da ake kira PZ, ki sami mai gyaran waya guda biyu ko uku, ki tambaye su wace kwamfutar hannu ce idan gilashinta ya fashe yau za su iya canza shi kafin gobe, kuma nawa ne kuɗin. Na'urar da ke hannun yaro ɗan shekara 7 za ta faɗi ƙasa, ko ba jima ko ba daɗe, don haka ranar faɗuwar ce ya kamata ki yi wa tanadi tun daga ranar saye. Sunayen da za ki fi ji a bakinsu su ne Samsung, musamman jerin Galaxy Tab A, da Lenovo, da kuma itel da Infinix, waɗanda kamfani ɗaya ne yake yin su tare da Tecno, wato Transsion na ƙasar Sin, kuma yana da sashen gyara mai suna Carlcare a nan Ghana. Ban zaɓa miki ɗaya daga cikinsu ba, domin abin da ke hannunki ne zai yanke hukunci, amma kowacce daga cikinsu ta fi wadda ba ta da asali.

Akwai lambobi uku da za ki riƙe a ka idan kin shiga shago. Ta farko ita ce abin da ake kira ram, wanda misalinsa kamar teburin da kike baje wa mai saye atamfa ne: idan teburin ƙarami ne, sai kin naɗe wannan turmi kafin ki buɗe wancan, ciniki ya yi ta jan ƙafa. Kada ki karɓi ƙasa da gig 3, kuma gig 4 ya fi kwanciyar hankali. Ta biyu ita ce ma'adana, wato kantocin da kike jera kaya a kai. Gig 32 yana saurin cika domin na'urar kanta tana cinye kaso mai yawa daga ciki, saboda haka ki nemi gig 64, tare da gurbin saka katin memori. Ta uku ita ce ƙarfin batir, wanda ake rubutawa da mAh, kuma a garin da ake ɗauke wuta ba tare da sallama ba bai kamata ya gaza 5,000 ba. Game da girma, mai inci 8 ta fi zama a hannun ƙaramin, amma tunda babbar za ta riƙa karanta littattafai da tambayoyin jarrabawa, kuma shekaru uku bayan ta shiga ƙaramar sakandare jarrabawar BECE na jiranta, mai inci 10 za ta fi yi mata sauƙi a ido. Ki tabbata kuma ramin cajinta irin na wayoyin yanzu ne, wanda ake soka waya ta kowace fuska, domin tsohon samfurin yana saurin lalacewa a hannun yara masu turawa da ƙarfi, kuma ina zargin abin da ya kashe ta baran ke nan.

Abin da aka rubuta a jikin kwali ba hujja ba ne, domin na'urorin jabu suna iya nuna lambobin ƙarya har a cikin saitinsu. Ki tafi da wani wanda ya iya, a kunna ta a gabanki, a shiga Play Store, a duba cikin saitinsa wajen da aka rubuta Play Protect, a ga ko Google ya amince da na'urar. Idan bai amince ba, ki mayar musu da kayansu. Ki karɓi rasit mai ɗauke da lambar na'urar da tsawon garantin, sannan tun a nan shagon ki sa a manna mata gilashin kariya, a saka mata riga mai kauri a kusurwoyi huɗu. Kuɗin waɗannan biyun ki cire shi daga adashin tun farko, kada ki bar shi sai wani jiƙon.

Yanzu sai maganar da ta fi saye nauyi. Masu shago za su kwaɗaita miki mai ɗaukar layin waya, suna cewa ta fi amfani. Ni ina ganin ki sayi marar layi, ko kuma ki bar gurbin layin babu komai. Ke kina Kejetia tun safe har la'asar, kuma idan akwai layin MTN ko Telecel a cikin na'urar da data a kai, kin bar yara biyu ke nan da ƙofa a buɗe zuwa duk abin da ke intanet, ba babba a kusa. Idan kuwa daga wayarki kaɗai take samun intanet, to fitarki daga gida fitar intanet ce, dawowarki dawowarsa. Da daddare ki zauna da su ku sauke abin da za su yi amfani da shi gobe, kamar darussan lissafi, da littattafan karatu, da karatun Alƙur'ani. Manhajar Khan Academy Kids kyauta ce, babu talla a cikinta, tana da darussan da ake saukewa a yi ba tare da data ba, kuma za ta taimaki ƙaramin wajen haruffa da Turanci. A ɓangaren Alƙur'ani ki tambayi malamin makarantarsu da wace ruwaya yake koyarwa kafin ki sauke komai, domin yawancin manhajoji da ruwayar Hafsu suke zuwa, alhali makarantun allo da yawa a ƙasashenmu Warshu suke bi, kuma yaron da ya ji iri biyu ba tare da bayani ba zai rikice a gaban malaminsa.

Ki kuma saka manhajar Family Link ta Google a wayarki. Da ita ake buɗe wa yaron da bai kai shekara 13 ba asusunsa a ƙarƙashin na mahaifi, kuma daga wayarki za ki ƙayyade mintoci nawa kowannensu zai yi a rana, da lokacin da na'urar za ta kulle kanta da dare, sannan ba za a sauke wata manhaja ba sai an nemi izininki. Lambar sirrin na'urar da ta MoMo ɗinki, wato asusun kuɗinki na waya, kada su zama ɗaya, kuma kada yaran su san ta biyun. Idan har wata rana wani baƙo ya fara aika wa 'yarki saƙo ko hotunan banza, kada ki goge, ki kira lamba 292 ta Hukumar Tsaron Intanet ta Ghana, wadda dokar shekarar 2020 ta kafa, domin kare yara a intanet yana cikin aikinta.

Dalilin da ya sa na nace cewa na'urar ta zama taki shi ne, yaron da aka ce masa wannan taka ce yana ganin an zalunce shi ranar da aka karɓe, amma wanda ya san ta Mama ce yakan miƙa idan lokaci ya yi. Ta kwana a ɗakinki, a yi mata caji a kan tebur ba a kan katifa ba, a zare ta daga soket idan an ɗauke wuta domin ƙarfin da wutar ke dawowa da shi yana ƙona caja. Wasu iyaye suna cewa za su jira ta gwamnati. Rabon kwamfutocin hannu da aka ƙaddamar a shekarar 2024 na ɗaliban babbar sakandare ne, kuma naki yaran da sauran lokaci kafin su kai can.

Tambaya: Malam, ni magidanci ne a Asawase. Ƙanena da ke zaune a Bronx ta birnin New York ya ce in zaɓa wa ɗana mai shekara 9 tsakanin sabuwar Amazon Fire ta yara da tsohuwar iPad da ya yi amfani da ita. Wacce zan ce ya aiko?

Amsa: Alhaji, Allah ya saka wa ƙanenka da alheri, ya bar zumunci. Amazon Fire ta yara tana da ƙwari, tana zuwa da rigarta, kuma kamfanin yana ba da garantin shekara biyu na canza ta idan ta fashe, sai dai wannan alƙawari na mazauna can ne, kai da ke Asawase sai ka sami mai tafiya ya mayar da ita Amurka. Ban da haka, ba ta zuwa da Play Store, shagon manhajojin Amazon kaɗai gare ta, kuma wasanni da littattafan da suke sa ta burge yara suna cikin wani tsari ne da ake biyan kuɗinsa da katin banki bayan wa'adin kyautar ya ƙare.

Idan iPad ɗin ba ta tsufa ainun ba, wato har yanzu tana karɓar sabuntawa daga Apple, ita zan zaɓa, domin ta fi sauri kuma tana da tsarin ƙayyade wa yaro lokaci a cikinta. Amma akwai sharaɗi guda da bai kamata ka yi sakaci da shi ba. Ka ce wa ƙanenka ya fitar da asusunsa na iCloud, wato asusunsa na Apple, ya goge ta tas kafin ya ba da saƙon, domin iPad ɗin da ke ɗaure da asusun wani ba ta buɗuwa sai da lambar sirrinsa, kuma da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa da arha a bakin titi matsalarsu ke nan. Ka tambaye shi kuma awa nawa batirin yake yi, ka sani cewa gyaran gilashinta yana da tsada. Cajar Amurka tana ɗaukar wutarmu, kan soket ɗin ne kawai ya bambanta, sai ka sayi mahaɗi mai ƙafa uku.

Tambaya: Malam, ina zaune a Zangon Tafo. Ɗana shekararsa ɗaya da rabi, ba ya cin abinci sai an kunna masa bidiyo a waya. Maigidana ya ce a saya masa tasa kwamfutar don ya sakar mini wayata. Mene ne ra'ayinka?

Amsa: 'Yar'uwa, ina roƙonku da ku dakata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a shekarar 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, daga shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, idan an rage ma ya fi. A wannan shekarun yaro yana koyon magana ne daga bakin mutumin da ke kallonsa yana amsa masa, ya ce "ba" a ce masa "Baba", abin da bidiyo ba ya yi. Ɗan zango kuwa aikin da ke gabansa babba ne, domin zai tashi da Hausa a gida, da Twi a waje, da Turanci a aji, da Larabci a makaranta, kuma tushen dukkansu shi ne hirar da ake yi da shi yanzu.

Na san wahalar ciyar da yaro mai ƙiwa ga uwar da aiki ya yi wa yawa, kuma ban ɗora miki laifi ba. Ki fara da cin abinci ɗaya a rana ba tare da waya ba, wanda ya fi jin yunwa a cikinsa, ki zaunar da shi tare da sauran yaran gida ya ga suna ci, ki bar shi ya sa hannu a kwano ko da zai ɓata jiki. Zai yi kuka na wasu kwanaki, kuma a nan ne kike buƙatar maigida ya mara miki baya, don haka ki nuna masa wannan amsa ku karanta tare. Idan kuma kin ga ƙin cin abincin ya yi tsanani har nauyinsa yana raguwa, ki faɗa wa ma'aikatan jinya a ranar awo mai zuwa, su duba katinsa.