Amsa: me ake tambaya a jarrabawar daukar ma'aikatan lab?

Malam, tunda ka tambayi abin da za ka karanta, fara duba lasisinka na MLSCN, hukumar da ke ba ma'aikatan lab lasisi a Najeriya, in ya kare ka sabunta, don wasu wuraren ko zama ba za su bari ka yi ba.

Sauran kuwa aikin benci ne, wato gwaje-gwajen da ake yi da hannu a lab. Ka rike kwalaben jini sosai, mai murfin shunayya EDTA ce (sinadarin hana jini daskarewa) ta PCV, wato gwajin yawan jini, mai ruwan toka ta suga, nan mutane ke faduwa wallahi. Gram stain, rinin gano bakteriya, ka haddace jerin matakansa, sai sauran rini: Giemsa ta maleriya, Ziehl-Neelsen ta tarin fuka, sai autoclave, na'urar kashe kwayoyin cuta a kayan aiki, digiri 121 minti 15. Kuma in an mika maka maikiroskof kar hannunka ya yi rawa, lens na 100 ne ake diga wa mai. Lissafin dilution, wato sirka sinadari, shi ma ka dan taba shi. Allah ya ba da sa'a.