Jarumar finafinan ban tsoro za ta iya koyar da wasa?

'Yar'uwa, kin tambaya ko ki kai ƙanwarki ajin tsohuwar jarumar finafinan ban tsoro da ke koyarwa a nan Kaduna. E, ki kai ta. Galibi a wajen ɗauka babu aljani a gaban jarumar, kyamara ce da fitila kawai, sai wajen tacewa ake saka ƙara da siffa. Dole firgicin ya fito daga idonta da numfashinta. Wadda ta iya wannan ta san aikin.

Amma ki zauna a ajin ki gani tukuna. Na ga ɗaliban da suka ƙware a ihu, hirar uwa da 'ya a tsakar gida ta gagare su. In takardar shaida take so, akwai sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.