Ɗana zai sauka Kanada a tsakiyar sanyi: me zai duba, me zai saka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni uwa ce, ina zaune a Agege. Ɗana mai shekara 22 ya samu gurbin karatu a wata jami'a da ke birnin Winnipeg a ƙasar Kanada, kuma farkon Janairu zai tashi. A Legas aka haife shi, ko hunturun Kano bai taɓa yi ba. Na saya masa jaket biyu a gwanjo. Sun isa? Kuma yaya zai gane ranar da fita ke da haɗari?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya kai shi lafiya, ya ba shi abin da ya je nema. Gara da kika tambaya tun yanzu, domin Winnipeg tana cikin manyan biranen Kanada da suka fi sanyi, kuma Janairu ne tsakiyar muku-mukun.

A Legas da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20, ko da asubar hunturu ce. A Winnipeg kuwa, cikin Janairu, da rana yakan tsaya wajen digiri 11 ƙasa da sifili, da dare ya gangara wajen 21 ƙasa da sifili. Wannan a ranakun da aka saba ke nan. Akwai dararen da yake wuce 30. Firizar da masu kifi da kaji suke daskarar da kayansu digiri 18 ƙasa da sifili take. To a irin wannan iskar zai tsaya jiran bas. Mutane na zaune a garin lafiya lau, har da 'yan Najeriya masu yawa, amma da shiri suke zaune.

Mu fara da hasashen yanayi. Hukumar yanayi ta gwamnatin Kanada tana da manhajar waya mai suna WeatherCAN, kyauta ce, ya sauke ta tun yana Legas ya saka sunan garin. A ranar sanyi zai ga lamba biyu. Ta farko sanyin iskar ce kawai. Ta biyu ita ce yadda fata za ta ji sanyin idan aka haɗa da ƙarfin kaɗawar iska, kuma ita muke so ya fi kula da ita. Dalili shi ne jiki yana ɗumama 'yar siririyar iskar da ke manne da fata, iska mai kaɗawa kuma tana share ta, jiki ya sake ɗumama wata, a sake sharewa, har zafin jiki ya tsiyaye. Idan ma'auni ya nuna -20, wato digiri 20 ƙasa da sifili, kuma iska tana gudun kilomita 30 a awa, fata za ta ji kamar -33. Winnipeg a fili take, shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce babu tsaunin da zai tare iska.

Ga yadda zai fassara lamba ta biyun. Daga -28 zuwa -39, fatar da ba a rufe ba tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Daga -40 zuwa -47, minti 5 zuwa 10 sun isa. Idan ya ga -40, ranar ba ta yawo ba ce: daga gida sai aji, fuska a rufe, kuma ya duba lokacin isowar bas a waya kafin ya buɗe ƙofa, kada ya je tasha ya yi tsaye. Sanarwar hukumar ma tana da launi, rawaya, ruwan lemo da ja, ja ɗin ne mafi tsanani. Hasashen yau da gobe da jibi abin dogaro ne sosai. Na kwana bakwai zuwa goma yana nuna inda aka dosa ne kawai, yana iya canjawa, don haka kowace safiya a sake dubawa, musamman jerin awa-awa, saboda ana iya fita da -8 da hantsi a dawo da -25 bayan isha.

Akwai abu ɗaya da yake yaudarar ɗan Legas fiye da komai: rana. A nan idan rana ta fito an san zafi ya zo. A can, ranar da sama ta yi garau, rana na haske kamar za ta ƙona, sau da yawa ita ce ta fi kowace sanyi, domin gajimare kamar bargo ne da ke riƙe ɗumin ƙasa, idan babu shi ɗumin ya tsere sama cikin dare. Kada ya leƙa taga ya yanke hukunci. Idan kuma ya ga wayarsa ta nuna 30 alhali dusar ƙanƙara na zuba, to tana kan ma'aunin da Amurka ke amfani da shi ne, inda 32 take daidai da sifili. Ya mayar da ita Selshiyos, shi ake amfani da shi a Kanada.

Sai tufafi. Gaskiyar magana, Hajiya, jaket ɗin gwanjo na Katangowa ko Yaba da yawansu an ɗinka su ne don sanyin Ingila da makamantanta, inda ake fama da yayyafi da digiri 5 sama da sifili. Za su kai shi daga ƙofar filin jirgi zuwa mota, amma ba za su riƙe shi a tashar bas ba. Ki gwada su haka: ki kara baki a jikin yadin ki hura da ƙarfi, hannunki na ciki. Idan kin ji iska ta ratsa, iskar can ma za ta ratsa. Mai kyau tana da hula a haɗe, tana sauka har cinya, bakin hannunta a tsuke yake, cikinta kuma cushe da gashin agwagwa ko zaren roba mai kauri. Shawararmu ita ce ya tafi da wadda ta fi kauri cikin biyun, ki ware masa kuɗin sayen ta ainihi da takalmi a can cikin kwana ɗaya ko biyu da sauka. Kuɗin nan bai kamata a yi masa ƙoro ba.

Kuma riga ɗaya, komai kaurinta, ba ta kai hawa uku ba, saboda iskar da ta maƙale tsakanin tufafi ce take riƙe ɗumi. Hawa na farko, mai taɓa fata, riga da dogon wando masu kama jiki na ulu ko na zaren roba. Na biyu suwaita. Na uku jaket mai tare iska. A hawa na farkon ne mutanenmu suka fi kuskure, don mun saba da singiletin auduga. Auduga tana shan gumi ta riƙe, kuma jiƙaƙƙen yadi yana janye zafin jiki da sauri ƙwarai. Yaro zai yi sauri ya kama bas, ya yi gumi, ya shiga aji mai ɗumin digiri 21, ya ƙara gumi, sannan ya fito waje da jiƙaƙƙiyar singileti a ƙirji. Shi ya sa da zarar ya shiga gini ko mota ya zuge jaket, ya cire hula, kafin gumin ya keto. Wandon jins shi kaɗai ba ya hana komai, sai da na ciki. Shadda da kaftani na Juma'a su hau kan waɗannan, jaket ta hau kansu.

Sanyi yakan fara cin yatsu, kunne, hanci da kumatu, domin jiki yana janye jini daga gefe ya tattara shi a ƙirji da ciki. Hula ta rufe kunne gaba ɗaya. Mayafin wuya ya hau har kan hanci, yadda Buzaye ke naɗa rawani. Safar hannu wadda ta haɗe yatsu huɗu a aljihu ɗaya ta fi mai yatsu biyar ɗumi, don yatsun suna ɗumama juna. Takalmi ya zama but mai rufi a ciki, mai hana ruwa, mai ƙasan roba da zane mai zurfi, kuma ya ɗan fi ƙafarsa girma yadda zai iya motsa yatsu da safar ulu a ciki. Cusa safa uku a matsattsen takalmi yana tare jini, ƙafa ta fi saurin daskarewa.

Game da ruwan da ke daskarewa a hanya, ba lallai sai a ranar da ta fi sanyi ba. Ya fi faruwa idan ma'auni yana wasa kusa da sifili: dusar ƙanƙara ta narke da rana ta daskare da dare, ko ruwan sama ya sauko ta cikin iska mai ɗumi a sama ya tarar da ƙasa a daskare, nan take ya zama gilashi. Wani lokaci ba a ganinsa, sai dai kwalta ta yi sheƙi kamar an jiƙa ta. Tafiya a kansa gajerun taku ne, tafin ƙafa duka a ƙasa, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannaye a waje ba a aljihu ba. Gishirin da ake watsawa yana narkar da ƙanƙara, amma ƙarfinsa na raguwa sosai idan an wuce -10, shi ya sa a can ake haɗawa da yashi. Tuƙi kuwa, mu dai mun fi son ya haƙura da shi a sanyinsa na farko.

Ya san alamun cutarwa guda biyu. Ta farko daskarewar fata: wurin ya fara tsikari kamar allura, sannan ya mutu, ya yi tauri. Takardun da ake rabawa a can sukan ce fata za ta yi ja ko fari, amma a baƙar fata abin da aka fi gani shi ne ta yi toka-toka ko ta dusashe, don haka mutuwar wurin ce alamar da zai dogara da ita. Ya shiga gini, ya tsoma wurin a ruwa mai ɗumin jiki, digiri 37 zuwa 39, wanda gwiwar hannu za ta jure. Ba a murzawa, ba a gasawa a hita ko murhu, saboda fatar ba ta ji, za ta ƙone bai sani ba. Idan ta yi bororo ko jin bai dawo ba, sai asibiti. Ta biyu ita ce zafin cikin jiki ya faɗi daga 37 zuwa ƙasa da 35: makyarkyata mai ƙarfi, harshe ya yi nauyi, tunani ya rikice, barci ya riƙa fizga. Idan makyarkyatar ta tsaya alhali mutum yana cikin sanyi, abin ya yi muni ne. A kira 911, lambar agajin gaggawa a can, a cire masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi, a fara da ƙirji.

Yanzu abin da ya fi damun mu, cikin ɗaki. A hunturun Arewa an saba shigar da kaskon garwashi ɗaki a rufe ƙofa, kuma duk mazaunin Legas ya ji labarin iyalan da hayaƙin janareta ya kashe cikin barci. Guba ɗaya ce: iskar kabon monoksaid, ba ta da wari, ba ta da launi. Gidajen can a toshe suke ruf don kada ɗumi ya fita, saboda haka gubar ta fi saurin taruwa. Kada ya kunna gawayi a ɗaki, kada ya ɗumama ɗaki da murhun gas, ko da wuta ta ɗauke. Turaren wuta ma, in kin yi niyyar saka masa, ki haɗa da kasko mai aiki da lantarki. Ranar da ya karɓi ɗaki ya tambayi mai gida inda na'urar gano hayaƙi da ta gano wannan gubar suke, ya danna maɓallin gwaji ya ji ƙararsu. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya da suka kama mutanen gida lokaci ɗaya alama ce ta a fita waje nan take.

Ɗaukewar wuta a can ba kullum ba ce, amma idan ta zo takan zo da nauyi. A Janairun 1998 ruwan ƙanƙara ya karya turakun lantarki a lardin Kwibek da gabashin lardin Ontariyo na Kanada, miliyoyin mutane suka zauna babu wuta, wasu har makonni. Hukumomin ƙasar suna ba da shawarar kowane gida ya ajiye abin da zai riƙe shi awa 72: ruwan sha, abincin da ba sai an dafa ba, tocila, batirin cajin waya, bargo. Kada kuma ya kashe hita gaba ɗaya don tsimin kuɗi idan zai yi tafiya, ko ya bar taga a buɗe. Ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare, ya fasa bututu, ranar da ya narke gida ya cika da ruwa.

Abin da Legas za ta ba shi wanda ya fi na can araha shi ne man kaɗanya. Iskar ɗaki mai hita a bushe take fiye da ta hunturu, tana kawo kaushi, faso, tsagewar leɓe, har da haɓo. Ya shafa bayan wanka tun jiki da danshi. Bayan alwala ya tsane fuska da hannu da gemu sarai kafin ya fita, kuma kada ya kama ƙarfe da jiƙaƙƙen hannu, yana mannewa. Huffi zai yi masa amfani. Ya zauna da malaminsa kafin tafiya ya koyi hukuncin shafa a kansa. Yinin Janairu a can bai fi awa takwas zuwa tara ba, rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar saura, don haka Azahar da La'asar da Magariba suna zuwa kusa da kusa. Ƙarancin rana kuma yana rage sinadarin bitamin D, musamman ga mai baƙar fata, ya tambayi asibitin makaranta ko zai riƙa shan ƙwayarsa. Kilishi da dambun nama ki bar su a gida, ba a barin irin wannan naman daga Najeriya ya shiga ƙasar, kuma duk abincin da ya ɗauka ya bayyana shi ga jami'an kwastan.

Ranar tafiya, jaket, suwaita, hula, safar hannu, safar ƙafa da kayan ciki su kasance a jakar hannu, domin babban akwati yana iya makara a inda aka yi canjin jirgi. Ya bar filin jirgin Ikeja da kayan da ya saba, ya saka na sanyin a filin jirgin ƙarshe kafin na Winnipeg. Waya ta zauna a aljihun ciki kusa da ƙirji, sanyi yana zuƙe batir cikin mintuna, lambar wanda zai tarbe shi da adireshin masauki kuma a rubuce a takarda. Ya tsaya daga cikin ginin filin jirgin har sai motar ta iso bakin ƙofa.