Tukuicin farautar safari: nawa ne, kuma wa za a ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina shirin zuwa farautar kwana bakwai a lardin Limpopo na Afirka ta Kudu cikin watan Yuni, ni da ɗana wanda rakiya kawai zai yi mini. Na biya kusan dala 6,000, kuɗin masauki da na dabbobi huɗu. A ƙasan takardar sun rubuta cewa tukuicin ma'aikata ba ya ciki. Wani abokina ya ce in ware kashi goma cikin ɗari in damƙa wa shugaban farautar, shi ke nan. Haka ne? Kuma dole ne? In Allah ya kai mu baɗi ina son zuwa Zimbabwe harbin ɓauna. Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya.

Babu wanda zai tare ka a bakin ƙofa ya ce sai ka biya. Dolen irin ta tukuicin gidanmu ce: yaro ya kawo maka kwanon abinci daga maƙwabta, ka mayar da kwanon haka nan, ba za a kai ka gaban alƙali ba, amma an san irinka. A harkar safari ma abin ya wuce maganar kunya, don masu sansani suna yanka wa ma'aikata albashi ne da sanin tukuici zai cike gurbi. Amurkawa ne suka raya al'adar, su ne mafi yawan baƙi kuma hannunsu a sake yake. Mafarautan Turai sun fi su riƙo. Kai da za ka sauka da fasfon Najeriya, ma'aikata ba su san layin da za su sa ka ba tukuna.

Shawarar abokinka tana da gyara biyu. Na farko, lissafin kashi goma yana yaudara. A farauta mai sauƙin kuɗi irin taka, dala 600 ke nan, kuma wannan kason mutum ɗaya ne kawai, ƙwararren maharbin da zai jagorance ka, wanda can kowa ke ce wa PH. Saura fa? A farauta mai tsada kuwa, ta giwa ko damisa, kashi goma sai ya zarce hankali, alhali gumin da ma'aikaci ya zubar bai ninka ba don kawai an tsauwala kuɗin dabbar. Shi ya sa nake ce wa masu tafiya su yi lissafi da kwana da kuma kawuna: mutum nawa suka yi maka aiki, kwana nawa.

Ga abin da nake ba da shawara a farauta irin taka. PH, dala 70 zuwa 100 a rana, wato 500 zuwa 700 a mako. Idan shi ne mai gonar kuma mai kamfanin, ribar tafiyar aljihunsa take shiga, kana iya rage nasa ka ƙara wa na ƙasa. Kuku dala 10 zuwa 15 a rana. Masu shara da wanki, biyar zuwa goma kowannensu, kuma ka tuna ɗanka ma ana dafa masa ana wanke masa kaya, ko da harsashi ɗaya bai harba ba, don haka a nan sai ka ɗan ɗora.

Mutum biyu nake so ka tsaya a kansu, don su ne baƙo ya fi mantawa da su.

Na ɗaya mai bin sawu. Ƙa'idar farauta a ƙasashen nan ita ce in ka harbi dabba aka ga jini, to ka saya, ko an same ta ko ba a same ta ba. Na taɓa raka wani baƙo da ya harbi kudu da la'asar (sunan dabba ce mai murɗaɗɗen ƙaho, ba kudu da arewa ba), harsashin ya sauka baya kaɗan, ta shige sarƙaƙiya. Ni da shi muna kallon ƙasa ba ma ganin komai sai tsakuwa. Mai bin sawun, wani dattijo siriri da tsohuwar rigar aiki, ya tsinko kara ɗaya yana nuni da shi: nan ɗigon jini kamar ƙwayar gero a bayan ganye, can dutse ya juya cikinsa mai danshi yana kallon sama. Ba ya magana, sai dai ya yi fito a hankali in mun kauce. Duhu ya kore mu, ya ɗaura ƙyalle a reshe, da asuba ya ɗora daga nan, hantsi bai yi ba muka iske ta kwance. Kuɗin wannan dabba ɗaya ya fi tukuicin sansanin gaba ɗaya. Mafi ƙarancin albashi a Afirka ta Kudu a 2025 rand 28.79 ne a awa, wajen rand 230 a yinin awa takwas, abin da bai fi dala 13 ba. To ka ga dala 15 zuwa 20 a rana da za ka ba shi ta ninka masa yininsa. In ya ceto maka dabba irin haka, ƙara masa hamsin a kai, kuma ka faɗa masa dalili.

Na biyu mai fiɗa. Shi ba ma za ka gan shi ba sai ka nema. Kuna bakin wuta kuna shan shayi, shi yana rumfar fiɗa a bayan sansani cikin sanyin Yuni, wanda can tsakiyar hunturu ne, yana juya kunnuwa da 'yar ƙaramar wuƙa, yana tsaga leɓe, yana cusa gishiri a kowane lungu na fata. In ya yi ha'inci ba za ka sani ba sai bayan watanni, ran da gashin ya fara zuba a wurin masu jima. Dala 10 zuwa 15 a rana, ko ka yi masa lissafi bisa kowace dabba. Ka taka ka je rumfar tun daren farko, ka gaishe shi, ka tambayi sunansa.

In ka tara duka za ka ga dala 900 zuwa 1,200. Ka sa su cikin kuɗin tafiya tun daga gida, kada ya zama sai daren ƙarshe kake lalube aljihu bayan ka ƙara dabba ta biyar da ba ta cikin shiri. Wannan na faruwa fiye da yadda kake zato.

Gyara na biyu a shawarar abokinka shi ne kada ka damƙa wa mutum ɗaya duka. Yawancin PH masu amana ne, amma kuɗin da ya bi ta hannu uku ba ya isa yadda ya taso, kuma ko ya isa, mai wanki ba ta san daga gare ka ya fito ba. Tun kafin ka tashi ka rubuta wa kamfanin su aiko maka da jerin ma'aikata da abin da aka saba bayarwa. Ba abin kunya ba ne, kullum ana tambayarsu. Ka tafi da ambulan, kowa da sunansa a bayan tasa. Daren ƙarshe ka zauna da PH ku duba jerin tare, don shi ya san wane ne babba, kuma in ka ba yaron mota fiye da tsohon mai bin sawu ka bar musu rigima a baya. Sannan da safe ka miƙa wa kowa hannu da hannu. Wasu sansanonin suna da asusu ɗaya da ake rabawa har da masu gadi da masu gyaran shinge. In haka tsarinsu yake, ka bi, amma na mai bin sawu da mai fiɗa ka ba su da kanka.

Wane kuɗi? PH zai karɓi dala da murna. Ƙananan ma'aikata a Limpopo kuwa rand za ka ba su, don mai dala ashirin a ƙauye sai ya nemi mota zuwa gari, ya bi layin banki, a cire masa kaso. Ka canza tun a filin jirgin O.R. Tambo na Johannesburg, ko ka cira a na'urar ATM a hanya. Dalar da za ka saya a Wapa ka ce a zaɓo maka sababbi, marasa yagewa ko tambarin 'yan canji, kuma a haɗa maka da 'yan goma da 'yan ashirin. Abin da ya haura dala 10,000 a hannunka sai ka bayyana wa kwastan kafin ka bar Najeriya.

Zimbabwe wani lissafi ne. Can dala ita ce kuɗin kasuwa, kowa ita yake so. Farautar ɓauna kan ɗauki kwana goma ana tafiya a ƙasa, da masu bin sawu biyu da direba, kuma PH ɗin sai da ya yi shekaru yana koyo a ƙarƙashin wani kafin a ba shi lasisi, shi ne kuma zai tsaya gabanka in ɓauna mai rauni ta juyo. Shi dala 100 zuwa 150 a rana, masu bin sawu 200 zuwa 300 kowanne a tafiyar, jimilla ka shirya 2,000 zuwa 2,500. A dazukan gwamnati za a haɗa ku da jami'in gandun daji mai sa ido kan bin doka. Shi ma ana ba shi, dala 100 zuwa 150, amma a ƙarshe, a fili, da sanin PH. Kuɗin da aka ba jami'i kafin a fara harbi sunansa daban ne. A Tanzaniya, inda sansanin tanti kan ɗauki ma'aikata goma sha biyar zuwa ashirin, abin ya fi haka nauyi. A dazukan arewacin Kamaru kuwa, wajen Garwa, sefa ko yuro ake so, kuma can kana iya yi wa mai bin sawunka godiya da Fulatanci, wani ma da Hausa.

In aiki bai yi kyau ba fa? Ka bambanta rashin sa'a da sakaci. Dabba ta ƙi fitowa, iska ta juya, wannan daji ne, ba a rage wa kowa. PH da ke makara ko yake fitowa da warin giya, shi za ka rage wa, ka kuma gaya wa mai kamfanin, amma kada kuku ya biya laifinsa.

Tsaraba kuma ƙari ce a kan kuɗi, ba ta maye gurbinsa. Wuƙa mai kyau, tocila, takalmin daji ko rigar sanyin da ka gama da ita, duk ana murna da su, hular Kano ma za ka ga an saka ta a hoton bankwana. Kilishi dai ka bar shi a gida: Afirka ta Kudu ba ta barin a shigo da nama ba tare da izini ba, a filin jirgi za ku rabu da shi.