An ce ba a ga HIV a jinina ba, in daina shan magani?

Tambaya: Likita, shekara uku ke nan ina shan maganin HIV. Gwajin watan jiya ya nuna ba a ga ƙwayar cutar a jinina ba. Mai maganin gargajiyar da nake karɓar jiƙo a wurinsa ya ce na warke, in ajiye na asibiti. Wallahi na gaji da haɗiyar magani kullum, amma ina tsoro. Da gaske na warke?

Amsa: Malama, don Allah kada ki ajiye, ko na kwana ɗaya. Sakamakonki abin murna ne, amma maganin asibiti ne ya kawo shi.

Kin san fararen ƙwayoyin jini na CD4 cutar take farauta. Takan maƙale a jikinsu, ta kama wata ƙofa da ke jikin nasu, yawanci wadda ake kira CCR5, ta zuba kayanta ciki. Sai ta juya RNA ɗinta, wato bayanan halittarta, ya koma DNA, irin bayanan halittar ɗan Adam, wani sinadarinta mai suna integrase ya ɗinke shi cikin DNA ɗinki. Daga nan wasu ƙwayoyin da ta shiga sukan kwanta luf shekara da shekaru a kaluluwa da bangon hanji. Idan TLD kike sha, wato ƙwayar da ta haɗa magunguna uku, tenofovir da lamivudine suna hana juyin, dolutegravir yana hana ɗinkin, amma babu wanda yake warware ɗinkin da aka riga aka yi.

Na'urar gwaji jini kawai take dubawa. In ƙwayoyin cutar sun gaza kusan 50 a mililita ɗaya, sai a rubuta ba a gani ba. Kina dainawa, cikin 'yan makonni na kwance za su farka.

Wannan magana ta "kin warke" tana ƙona mini rai. Mutum ya yi ƙiba, ya koma sana'arsa, sai mai lasifika a tasha ya karɓe kuɗinsa ya raba shi da maganinsa. Daga baya a kawo mana shi ranga-ranga, adadin ƙwayoyin CD4 ɗinsa ya faɗi ƙasa da 200, ga tarin fuka ko sanƙarau. A 2007 Yahya Jammeh, yana shugaban Gambiya, ya ce yana warkar da ƙanjamau da ganyaye, aka sa marasa lafiya suka ajiye maganinsu, wasu suka rasu. Duk mai faɗa wa mara lafiya haka ya ji tsoron Allah, rai ne a wuyansa.

Gajiyar kuwa na fahimce ta, ki faɗa wa likitanki a zama na gaba. Ki tafi da jiƙon ya gani, don wasu suna taɓa hanta da ƙoda.